Faifan mai ɗaukar bidiyon biki da ya ƙi komawa NTFS

Ana saura 'yan makonni a kama azumi, lokacin da bukukuwa ke hawa kan juna saboda kowa na so ya aurar kafin watan ya tsaya, wani mai ɗaukar bidiyon biki ya shigo shagona, ƙanensa na biye da shi. Ya zaro faifan ajiya na waje, wanda a kasuwa muke ce wa had dis, ya ɗora a kan teburi, ya ce, "Malam, bikin mutane na cikin nan, kuma jibi na yi musu alkawari." Ƙanen bai ce uffan ba. Yadda ya kafe ido a ƙasa ya isa ya nuna min hannun wa ya taɓa faifan a ƙarshe.

Faifan mai giga 500 ne, irin ƙaramin nan da ba shi da wayar wuta tasa, daga USB yake sha. Ɓangare ɗaya ne a cikinsa, a kan FAT32, wato tsohon tsarin jera fayiloli a cikin faifai, kuma da gangan mai shi ya bar shi a haka, don talabijin ɗin shagonsa da yake nuna wa kwastomomi aiki tana karanta shi ba gardama. Shekaru yana amfani da shi bai taɓa jin wata iyaka ba, domin kyamararsa da kanta take yayyanka ɗauka gunduwa-gunduwa, kowace ba ta kai giga 4 ba. Wannan karon ne iyayen amarya suka ce a haɗa musu ɗaurin aure da kamu da walima a fayil guda. Ya tace, ya haɗa, fayil ya fito giga 7 da ɗoriya. Da ya zo kwafa shi cikin faifan, Windows ta ce fayil ɗin ya fi ƙarfin wurin, alhali akwai sarari kusan giga 80 a zaune.

Windows ba ƙarya ta yi ba. FAT32 ta fito ne a 1996, zamanin da faifan kwamfuta gaba ɗayansa da ƙyar yake kai giga biyu ko uku, kuma gurbin da ta ware don rubuta girman fayil bit 32 ne kacal. Lamba mafi girma da za ta shiga wannan gurbi ita ce 4,294,967,295, wato giga 4 ba bait ɗaya. Ko faifan wayam yake, fayil guda ba zai wuce nan ba. NTFS, wani tsarin jera fayilolin da ya zo da Windows NT tun 1993, ba ta da wannan takurar, kuma Windows na da umarnin da ke mai da ɓangare daga FAT32 zuwa NTFS ba tare da an goge abin da ke ciki ba. Wannan umarnin ne ƙanen ya gano a intanet.

Abin da aka yi kafin a zo gare ni

Abu ɗaya na yaba wa yaron: duk saƙon da ya fito a baƙin allon nan na cmd, inda ake rubuta wa Windows umarni, sai da ya ɗauke shi hoto da wayarsa. Ba don haka ba da sai dai in yi ta lalube, don yawancin masu zuwa min ba sa iya faɗin abin da ya wuce "wani rubutu ya fito, na danna".

Hoton farko ya nuna ya rubuta `convert E: /fs:ntfs`, amsa ta dawo cewa "This drive is dirty and cannot be converted", wato faifan na da "datti" ba zai sauyu ba, tare da shawarar a bi faifan da `chkdsk /f`, umarnin da ke duba faifai ya gyara kurakuransa. Ya bi shawarar. A hoto na biyu chkdsk ya ci karo da wata folda da ya kasa karantawa, ya tambaya ko a mai da ita fayil, yaro ya danna Y. Ya sake tambaya ko a mai da sarƙoƙin da suka ɓata su zama fayiloli, ya sake danna Y. A hoto na uku ya maimaita convert, ya ɗan yi tafiya, sai ya tsaya da kuskuren "cyclic redundancy check", ya ce ba a sauya faifan ba. Da suka buɗe faifan, foldar bikin ta zama wani ɗan fayil fari da ba ya buɗuwa. A nan yayan ya zare wayar ya sa faifan a aljihu, kuma zare wayar nan shi ne abu mafi hikima da aka yi a ranar.

Don a gane abin da ya faru, a ɗauki FAT32 kamar sito a kasuwar hatsi ta Dawanau, an raba shi gurbi-gurbi, kowane gurbi da lambarsa. Mai sito na da littafi biyu. A na farko yana rubuta sunan mai kaya, da yawan kayan, da lambar gurbin da aka fara jibge su. A na biyu yana rubuta cewa daga gurbi na 40 a wuce 41, daga 41 a tsallaka 97, a 97 kaya suka ƙare. Littafi na farko shi ne folda, na biyun shi ne teburin FAT, jerin lambobin nan kuwa su ne sarƙa. Duk fayil ɗin da za a ajiye sai an taɓa wuri uku: a zuba kayan, a rubuta sarƙar, a rubuta sunan. In aka ɗauke wuta tsakanin na biyu da na uku, an sami gurabe da littafi ya ce a cike suke amma babu mai su. Wani lokaci kuma sunaye biyu su nuna gurbi ɗaya, kowa na cewa nasa ne. FAT32 ba ta da inda take rubuta niyyarta kafin ta fara aiki. NTFS tana da shi, shi ya sa in wuta ta katse takan waiwaya ta ƙarasa ko ta warware abin da ta faro. Ko da yake ita ma littattafan take karewa, ba abin da ke cikin buhun ba.

"Datti" da saƙon ya ambata alama ce ƙarama da Windows ke kafawa a kan ɓangare idan an rabu da shi ba a rufe lissafi ba. Na tambayi mai faifan yadda yake aiki. Kwamfutar tebur ce, babu UPS, a rana akan ɗauke wuta sau da yawa, kuma in kwastoma ya shigo yaran shago kan fizge wayar su kai faifan jikin talabijin. To ina mamakin datti? Tun daga Windows 10 sigar 1809 an saita faifan waje yadda za a iya cire shi ba sai an nemi izini ba, amma wannan bai shafi wanda ya fizge ana tsakiyar rubutu ba.

Umarnin `fsutil dirty query E:` yana gaya maka ko alamar na nan, amma ba ya cire ta, chkdsk ne ke cirewa bayan ya duba. Akwai masu koyar da yadda ake shiga cikin faifan a goge alamar da hannu don convert ya wuce. Ni ban yarda da wannan ba. Mai zazzaɓi ne ya wanke fuska da ruwan sanyi ya ce ya warke.

Shi kansa convert yana da tsari mai kyau, kuma saninsa ne ya kwantar min da hankali. Yana gina kayan NTFS, har da babban kundinta da ake kira MFT, a cikin sararin da FAT32 ba ta amfani da shi, sai a matakin ƙarshe yake rubuta saktar farko ta ɓangaren (sakta ita ce ƙaramin yankin da faifai ke karantawa ko rubutawa a tashi ɗaya), wadda ke shelar cewa yanzu nan NTFS ce. Idan ya faɗi kafin wannan mataki, faifan yana nan a FAT32 ɗinsa. Amma a lura da wani abu a nan. Da yaron ya danna N a tambaya ta biyu, chkdsk zai saki sarƙoƙin nan su koma sarari, kuma sarari shi ne daidai inda convert ke zuba gininsa. Da an yi ginin a kan bikin mutane. Y ɗin farko ce ta ɓatar da foldar, Y ta biyu ta ceci abin da ke cikinta, kuma duka biyun bai san abin da yake amsawa ba.

Faifan ne, ko wayar?

Kuskuren "cyclic redundancy check" ba maganar littafi ba ce. Ma'anarsa an nemi a karanta wani wuri, abin da ya dawo bai dace da lambar tantancewarsa ba. Wannan kan fito daga jikin faifan, ko daga hanyar da ke tsakaninsa da kwamfuta. Wayar da suka zo da ita doguwa ce, siririya, bakinta ya saki, kuma a ramin gaban kwamfuta suke soka ta. Ramin USB 2.0 miliamfiya 500 yake bayarwa, na USB 3.0 kuma 900, faifai mai juyawa kuwa ya fi jan wuta a lokacin da yake tashi. Na sa tasu wayar, na kara kunne: ƙit, ƙit, ya tashi ya koma. Na canza gajeriyar waya mai kauri a ramin USB 3.0, ya tashi lafiya lau. Na so a ce a nan maganar ta ƙare.

Na buɗe CrystalDiskInfo don in ga abin da faifan ke faɗa game da kansa, bayanan da ake kira SMART. Launin rawaya ya fito. Layi uku nake fara dubawa: 05, saktocin da faifan ya riga ya musanya da na ajiya, da C5, waɗanda ya kasa karantawa yana jiran ya yanke musu hukunci, da C6, waɗanda suka gagara gyara. Yaron shagona ya leƙa ya ce, "Oga, goma ne kawai a C5." Na ce ya sake dubawa. Manhajar tana nuna lambobin ne a lissafin tushe 16 in ba ka canza ba, saboda haka 10 ɗin da ya gani 16 ce. Ba yawan ne ya dame ni ba. Bayan minti ashirin da faifan na jone ba a komai da shi sai ɗan buɗe folda, lambar ta koma 18, wato 24. Ciwon na ci.

Yanzu labarin ya haɗu. Ɗaya daga cikin saktocin da suka lalace ta faɗo ne a ƙarƙashin foldar bikin, shi ya sa chkdsk ya kasa karanta ta. Wata kuma tana kan hanyar da convert ya bi. Datti gaskiya ne, wayar ma ta taka rawa, amma a ƙarƙashinsu faifan ne ke mutuwa.

Ƙanen ya ce, "Yaya, na ga an ce in /f bai yi ba a sa /r." Na ce haka ake cewa, kuma a kan lafiyayyen faifai ba laifi. `chkdsk /r` yana bin ɓangaren gaba ɗaya yana karantawa, in ya sami wuri mara kyau ya yi ta naci a kansa, sannan ya sa masa alama kada a sake amfani da shi. A kan faifai mai giga 500 da ke ɗingishi, wannan awanni ne na wahala, kuma duk abin da ya gyara a kan kwafi ɗaya tilo da kake da shi yake gyarawa, babu komawa baya. Aikin chkdsk shi ne littattafan su daidaita da juna. In daidaitawar na buƙatar ya datse fayil ɗinka, zai datse, ya kuma ba ka rahoton cewa ya yi gyara.

Na gaya wa yayan gaskiya: sai ya sayi wani faifan. Ya ɓata rai, ya ce shi gyara ya kawo. Na ce, "Malam, kuɗin faifai da kuɗin zuwa gaban uban amarya ka ce bidiyo ya ɓata, wanne ya fi sauƙi?" Ya tura ƙanen zuwa kasuwar Farm Centre, ya dawo da mai tera ɗaya. Kafin komai na duba layi na 09 a SMART ɗinsa, awannin da ya yi yana aiki. Kowane faifai ya shigo hannuna ina yi masa haka, ko daga ina aka sayo shi.

Kwafe faifan

Kwafi na yau da kullum ba ya yi a irin wannan hali. Windows in ta iso wurin da ya lalace takan tsaya cak, wani lokaci ta watsar da aikin duka. Ko robocopy, umarnin kwafi na Windows, in ba ka rage masa ba, zai sake gwada fayil ɗin da ya ƙi har sau miliyan ɗaya, yana jiran daƙiƙa 30 a tsakani. Ban da haka, ni ba fayiloli kaɗai nake so ba, ina son faifan sakta bayan sakta, har da wuraren da littafi ya ce babu komai.

Na tayar da laftof daga filashin Linux, na jona faifan biyu, na yi `lsblk` na tabbatar wanne ne wanne. Na sa yarona ya karanta girman kowanne da babbar murya, don a wannan mataki in ka juya sunayen, wofin faifan za ka kwafe a kan mai kayan. Sannan:

`ddrescue -f -n /dev/sdb /dev/sdc taswira.log`

Dabarar ddrescue, manhajar kwafe faifan da ya lalace, ita ce ba ya tsayawa kokawa da wuri mai wuya. Yana kwashe duk abin da ke karantuwa da sauƙi tukuna, yana tsallake inda ya yi tauri, yana rubuta komai a fayil ɗin taswira. Amfanin taswirar a wurinmu ba ƙarami ba ne: in wuta ta katse ko faifan ya ɓace daga kwamfuta, kana maimaita umarnin zai ɗora daga inda ya tsaya. Sau ɗaya faifan ya yi zafi ya ɓace, muka bar shi ya huce a gaban fanka, muka ci gaba. Zagayen farko ya ci mana daga bayan azahar zuwa magariba. Bayan nan na sake bi da `-r3` a madadin `-n`, don ya koma wuraren da ya tsallake ya gwada kowanne sau uku. Wasu sun karantu. Abin da ya gagara a ƙarshe bai kai megabait ɗaya ba.

Na cire tsohon faifan, na naɗe shi, na rubuta "kada a jona" a jikin leda. Daga nan duk abin da aka yi a kan sabon aka yi shi.

FOUND.000

Washegari na jona sabon faifan a Windows. Foldar da chkdsk ke tara tsintuwarsa sunanta FOUND.000, kuma a ɓoye take, sai ka sa a nuna fayilolin tsarin da aka kare kafin ka gan ta. Su 'yan'uwan ba su ma san tana nan ba. A ciki akwai FILE0000.CHK, FILE0001.CHK, a jere har ɗari biyu da wani abu. Babu suna, babu kwanan wata na asali, kuma girman kowanne ya ɗan ɗara na gaskiya, don littafin da ke riƙe da ainihin girman shi ne ya salwanta, chkdsk gurabe kawai ya ƙirga.

Sa'ar da aka yi ita ce teburin FAT bai lalace a wurin ba, saboda haka kusan kowace sarƙa cikakken fayil ce da ta rasa sunanta. Fayil kuwa yakan faɗi ko shi wane ne a baitocinsa na farko. Hoton JPEG yana farawa da FF D8 FF. PDF yana farawa da %PDF. Bidiyon MP4 yana ɗauke da kalmar ftyp daga bait na biyar. Takardar Word ta zamani tana farawa da PK, don a asali zip ce. Ba sai mutum ya buɗe su ɗaya-ɗaya ba, umarnin `file` na Linux yana karanta waɗannan alamomi ya jero maka su duka. Na ware manyan, na canza musu wutsiyar suna daga CHK zuwa mp4, na buɗe na farko a VLC, manhajar kallon bidiyo. Sai ga mata a tsakar gida, ana guɗa, wata dattijuwa na feshe amarya da turare. Mai faifan ya saki wata ajiyar zuciya da na ji har inda nake zaune.

Hotunan ba su ba mu wahala ba, don kyamara na rubuta rana da lokaci a cikin hoton kansa, da shi muka jera su. Bidiyon ne sai da mai shi ya zauna yana kallo yana cewa wannan ɗaurin aure ne, wannan shigowar ango ce, yarona na rubuta sunaye. Wannan aiki ne da babu manhajar da za ta yi maka. Guda ɗaya daga ɗaukar kamu ya zo da tabo: ana cikin tafiya hoton ya farfashe na daƙiƙa biyu ko uku sannan ya dawo. A nan saktocin da suka gagara suka faɗo. Ya ce ba komai, haɗaɗɗen fayil ɗin da ya tace yana nan a kwamfutarsa, ɗanyen ɗaukar yake tsoron rasawa don dangin ango sun ce su ma a yi musu nasu daban.

Da muka gama, na kwashe foldar bikin da wasu biyu da ya ce ba a karɓa ba tukuna na ajiye a laftof ɗina.

Sauyawar

A gaskiya da ina da faifai na uku mai sarari, da ba zan yi convert ba. Da na kwashe komai gefe, na yi wa sabon fomatin a NTFS, na mayar. Ya fi tsabta, don MFT da aka gina a cikin ratar da ta rage tsakanin fayiloli ba lallai ta zauna wuri ɗaya ba. Amma ba ni da inda zan jibge kusan giga 400, kuma tsohon faifan na nan a leda in abu ya ɓaci. Saboda haka na bi hanyar da yaron ya so bi tun farko, sai dai a kan faifai mai lafiya.

Na buɗe cmd da izinin admin. Na fara da `chkdsk E:` tsurarsa, ba /f, don a haka dubawa kawai yake yi, ba ya taɓa komai. Ya ba da rahoton 'yan kurakurai, na karanta su na ga babu sunan wata folda mai muhimmanci, sannan na sa `chkdsk E: /f`. Na maimaita har ya ce bai ga matsala ba, fsutil ma ya ce babu datti.

Na miƙa wa ƙanen kibod na ce ya rubuta umarnin da kansa. Convert ya nemi sunan ɓangaren, yaro ya rubuta E, aka ce ba daidai ba. Mutane da yawa na faɗawa nan. Ba harafin ake tambaya ba, laƙabin da aka raɗa wa faifan ake nufi, kuma `vol E:` na nuna shi. Tambayar kariya ce, don kada ka sauya ɓangaren da ba shi ka nufa ba, tunda wannan hanya ba ta da dawowa: Windows ba ta da umarnin mai da NTFS zuwa FAT32 sai da fomatin. Ya rubuta laƙabin, sai kuma aka ce wani abu na riƙe da faifan. VLC ne muka bari a buɗe. Ana iya ƙara `/x` a tilasta, amma na fi so in rufe abin da ke riƙe da shi da hannuna. Muka rufe, muka sake. Laftof na kan batirinsa cike, janareta na aiki, na hana kowa matsowa kusa da wayar. Cikin 'yan mintuna ya rubuta cewa an kammala.

Wasu abubuwa biyu kan tsayar da convert da ba su same mu ba: ƙarancin sarari, tunda sai ya sami inda zai yi gininsa, da kuma faifan da ke kan exFAT, wanda umarnin ba ya karɓa sam.

Tun kafin sauyawar na rubuta yawan fayiloli, na kuma ɗauki lambar tantancewar manyan bidiyo biyar da `certutil -hashfile` a kan SHA256. Bayan sauyawar lambobin suka fito iri ɗaya. Saura abu guda: tunda faifai mai giga 500 muka kwafe a kan mai tera ɗaya, rabin sabon na zaune ba a raba shi ba. Disk Management ba ya faɗaɗa ɓangaren FAT32, amma yana faɗaɗa na NTFS, don haka yanzu dannawa biyu ta haɗe su. Muka kwafa fayil ɗin nan mai giga 7 da ya jawo duk wannan, ya shige ba tare da ko tari ba.

Kwana uku bayan nan wayata ta yi ƙara. "Malam, talabijin ta ƙi ganin faifan." Laifina ne, ya gaya min tun ranar farko dalilin da ya sa yake kan FAT32, hankalina ya tafi ga ceto bikin na manta. Talabijin da rediyon mota da yawa, musamman tsofaffi, FAT32 kaɗai suka sani, kamar yadda kwamfutar Mac ke karanta NTFS amma ba ta rubutu a kai in ba a ƙara mata wata manhaja ba.

Na ce ya turo min tsohon faifan. Na yi masa cikakken fomatin, ba na gaggawa ba, wanda ke bin kowace sakta yana rubuta sifiri. Rubutun ne ke sa faifai ya yanke hukunci a kan saktocin da ke jira, C5 ta sauko sifiri, 05 ta hau. Na yanka masa ɓangare mai giga 32, iyakar abin da Windows ɗin da ke shagona ke yarda ta yi wa FAT32, na bar sauran a haka. Na ce wannan na talabijin ne kawai, kada a sa masa abin da ba shi da kwafi a wani wuri, kuma bidiyon da za a nuna a fitar da shi ƙasa da giga 4. Ƙanen ne ya zo karɓa. Kafin ya tafi ya tambaye ni yadda ake canza lambobin CrystalDiskInfo su koma lissafin goma-goma, na nuna masa, ya ɗauki hoton allon da wayarsa.